Yadda Muka Ƙona Ƙanwar Kakata a Faifai

A shekarar da riɗi ya yi daraja, kawuna ya tafi Sinnar sayen tayar mota ya dawo da dibidi, na'urar kallon faifan bidiyo. Tayar ba ta zo ba sai wata shekarar. Na'ura ce siririya mai ruwan azurfa, ya sa aka ɗinka mata riga da ragowar yadin jallabiya, rimot ɗin kuwa ya naɗe shi a leda ya ɗaure da zare, yana yawo da shi a aljihu har gona. A ƙauyenmu na bakin kogi, kafin a kai Abu Na'ama, ba ta da ta biyu. Ni a lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyen, kuma a wurin mutanenmu duk wanda ake kira ustaz dole ya san abin da ke damun duk wani abu mai waya a gindi. Rediyo ya yi shiru, a kawo min. Tocila ta ƙi kamawa, a kawo min. Nahawun Larabci na karanta, amma ban taɓa samun wanda ya yarda wannan hujja ce ba.

Kakata, wadda ta haifi kawun nan da mahaifiyata, ta tsufa tukuf a lokacin, yanar ido ta fara rufe mata gani. Da takun ƙafa take gane mutum kafin ta gane shi da fuska. Ita da ƙanwarta suna 'yan mata iyayensu suka taso da su daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, a ƙasa, a yada zango a yi noma a samu guzuri a ƙara gaba. Da suka iso nan aka ce a tsaya a tsinci auduga na kaka ɗaya. Har yau in ka tambayi tsofaffinmu, ce maka za su yi a kan hanya muke.

Mijin ƙanwar ne kaɗai ya ɗauki maganar hanya da gaske. Bayan aurensu ya sayar da abin da yake da shi ya ce za su ƙarasa. Ranar tafiya an ce lori zai zo bayan azahar, sai ya zo da hantsi, abin da lori bai taɓa yi ba a ƙasar nan kuma bai sake ba. Kaka tana ɗauke da tsohon cikin kawu, tana bakin murhu tana soya musu gyaɗar guzuri. Kafin ta ja jiki ta iso bakin hanya mota ta ɗaga. Ta buɗe baki ta ce, "To, Allah shi..." sai ƙarar inji ta cinye sauran. Abin da ta gani shi ne bayan ƙanwarta a kan buhuna, kuma ƙanwar ba ta waiwayo ba. Wannan labari na ji shi tun ina cin ƙasa, kuma kullum a kan rashin waiwayen nan yake ƙarewa.

Daga baya kaset ya riƙa zuwa daga Jidda a hannun alhazai, Kaka ma tana mayar da nata: wane ya haihu, wance ta rasu, dawa ta yi tsada. Amma addu'ar bakin hanya ba ta taɓa ƙarasa ta a kaset ba. Ta ce ba a ban kwana da rediyo, ido da ido ake yi. Hoto kuwa mijin ƙanwar bai yarda da shi ba, sai bayan ransa jikoki suka samu sarari suka yi ta ɗaukarta da waya. Ita Kaka kullum baɗi za ta tafi, baɗi kuma ba ta taɓa zuwa da kuɗin jirgi ba. A haka saƙon rasuwar ƙanwar ya iso mu, muka yi zaman makoki ba gawa. Bayan 'yan watanni wani mutumin ƙauyenmu ya dawo daga umra da faifan sidi a cikin ambulan. Jikokin ne suka tara hotunan tsohuwar a kwamfuta suka jera su kamar bidiyo, wannan ya wuce wannan ya shigo. Kaka ta shafa faifan ta ce abu ɗaya ya rage mata kafin idon ya gama rufewa: ta ga fuskar, ta ƙarasa maganarta.

Bayan la'asar aka taru a babban ɗakin kawu, mata a ciki, maza a bakin ƙofa suna nuna kamar wucewa suke. Kawu ya tayar da janareta, ya tuɓe wa dibidi riga, ya zura faifan. Na'urar ta yi gurnani, ta yi dogon tunani, ta rubuta kalma biyu na Turanci a kusurwar talabijin. Duk ido ya dawo kaina.

Na ce, "Ta ce babu faifai."

Kawu ya ce, "Ga shi cikin bakinta, ta ce babu?"

Ya ciro ya goge a jallabiya, ya hura masa iska, ya mayar. Babu faifai. Ya kifa shi. Babu faifai. Wani maƙwabci ya ce tunda abin daga ƙasa mai tsarki ya zo, da hannun dama za a sa shi da bisimilla. Aka yi. Wata ta ce a juya talabijin ɗin ya fuskanci gabas, aka ɗaga tebur gaba ɗaya aka juya, jama'a ma suka juya da tabarminsu, ni ma da karatuna na kama ƙafar tebur ɗaya. Na'urar ta sake tunani ta maimaita maganarta. Kaka ta gyara zama ta ce, "Ita ta. Tun tana yarinya in anka yi baƙi sai ta ɓoye."

Washegari na aro 'yar kwamfutar cinya ta shugaban makarantarmu, kuma a cikinta hotunan suka fito sumul. Na kai wa Kaka ina jin kaina. Ta kawo fuska dab da gilashin, ta daɗe tana leƙe, ta ce tana ganin wata tsohuwa mai kama da muguwa tana leƙenta. Inuwarta ce take gani. Hoton ya yi wa idonta ƙanƙanta da duhu, ba mafita sai babban talabijin ɗin kawu.

Kawu ya ce a bar masa. Ranar kasuwa ya tafi Sinnar ya tambayo, ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya kwararo bayani da muryar da yake kiran leburori a gona. Wai yaron wani shagon bidiyo ya ce faifan na kwamfuta ne, shi da dibidi yarensu ba ɗaya ba, sai an juya abin da ke ciki zuwa yaren dibidi, sannan a ƙona ta a kan sabon faifai. Da Larabci masu shaguna haka suke cewa, ƙonawa, kawu kuwa ya ɗauko kalmar ɗanya ya dire ta a gaban mahaifiyarsa.

Kaka tana kan angarib ɗinta, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa. Ta ɗago kai ta tambaye ni, don ba ta yi wa ɗan farinta magana kai tsaye, ba ta kuma faɗin sunansa. "Angona, wa wancan yac ce za a ƙona?"

Na ce, "Ba mutum ba ne, Kaka, hotuna ne."

"Hotunan wa?"

Na ce, "Na ƙanwarki."

Ta ce, "Ba a ƙona Musulma." Ta miƙa hannu aka ba ta ambulan ɗin, ta ƙulle shi a bakin zane ta kwanta a kai.

Kwanaki muna fama. Na yi bayani da Hausa, na yi da Larabci, na zana a ƙasa da kara. Da na ga ba ci gaba na ɗauko limamin unguwarmu, dattijo mai haƙuri, da tunanin in ya sa baki za ta saki. Ya zauna ya sha jabana, gahawarmu ta nan, ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni ko wutar tana da hayaƙi. Na yi murna na ce ko kaɗan, wani ɗan haske ne siriri, ba toka ba hayaƙi. Ya ajiye finjalin a hankali ya ce, "Ustaz, wutar da ba ta da hayaƙi ai da ita anka halicci aljannu." Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kaka ta ƙara wa ƙullin zanenta ƙulli na biyu, ni kuwa na raka liman har ƙofa ina yi masa godiyar da ba ta kai zuci ba.

Mafitar a wurin mahaifiyata ta fito, tana tsince shinkafa, ko kallonmu ba ta yi. Ta ce, "Ku da ba ku iya magana ba. Ba ƙonawa ba ce, Inna, hijira ce. Gidan da take ciki ba a iya shiga, za a mai da ita wani gida."

Kaka ta juya maganar a ranta. Can ta ce, "Hijira kam sana'armu ta. Ita ko dama ba ta iya zama wuri guda ba." Ta kwance zanen.

Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Da zan tafi da safe ta kira ni ta miƙo min faifanta na kaba, wanda ta saƙa da hannunta tun idon yana gani, mai jan baki da baƙin tsakiya, wanda ba a rufe abincin kowa da shi sai babban baƙo. Ta ce in dai a kan faifai za a ɗora ƙanwarta, ba za a ɗora ta a na kasuwa ba alhali ga na gida. Na fara bayani cewa suna ne kawai ya zo ɗaya, ta katse ni. "Na sani, ba ni haukace ba. Amma ba a kai mutum sabon gida hannu sake." Haka na hau bayan bokis, motar a-kori-kura, zuwa Sinnar, malamin makaranta da wando da riga a soke, rungume da faifan tuwo, mutane suna tambayata gidan wa aka yi haihuwa.

Shagon yana kusa da tashar mota, tsakanin mai lemo da mai gyaran waya. Mai shi saurayi ne ɗan wani ƙauyen Hausawa da ke gaba da namu, amma Hausar ta zube masa a hanya, gaisuwa da zagi kawai suka rage. Aikinsa bidiyon biki. Ya ga faifan kaba a hannuna ya ɗaga shi da sauri yana neman kwanon da ke ƙasa, da bai ga komai ba ya ɗan ji haushi. Na ba shi sidin na faɗi abin da nake so. Ya ce, "Ma fi mushkila, ya ustaz," wato ba matsala, maganar da a ƙasar nan ita ce sallamar matsala.

Juyawar ta ci rabin yini. Wani koren layi ne yake rarrafe a kwamfuta, muna zaune muna kallonsa kamar masu jiran tukunya. Da aka zo ƙonawar, layin ya kai tsakiya aka ɗauke wuta. Yaron ya zare faifan ya ce ya lalace, ya miƙa hannu zai rataye shi a zaren da ya jera irinsu a bakin ƙofa suna walƙiya don korar ƙuda. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Ni da na yi kwanaki ina rantsuwa cewa hotuna ne kawai, sai ga ni na kasa barin rabin ƙanwar kakata tana lilo a tashar mota. Na karɓe na sa a aljihu. Da wuta ta dawo ya ƙona wani, na ɗora shi a kan faifan kaba na naɗe su tare da ɗankwali, don in Kaka ta tambaya kada in yi ƙarya.

Taro na biyu ya fi na farko, don labarin wutar aljannu ya zaga ƙauye. Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma dab da talabijin, aka rufe taga. Kawu ya zura faifan. Na'urar ta yi gurnani, ta yi tunani, sai kiɗa ya ɓarke. Kiɗan biki ne, da guɗa a ciki. Jajayen furanni suka cika gilashin, tantabaru biyu suka sauko riƙe da zobe, aka rubuta da manyan haruffan Larabci ana taya amarya da ango murna, ƙarƙashi kuma tallar shagon. Yaron ƙirar biki ɗaya gare shi, kuma bai ga dalilin da zai sa mamaciya ta fi amare ba. Wasu mata suka toshe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai furannin suka watse, fuska ta fito. Tsohuwa ce cikin farin mayafi, da hancin Kaka, da tsagar Kaka a kumatu, har da yadda take ɗan karkata kai in za ta yi gardama. Dariyar ta ɗauke. Kaka ta matsa har numfashinta yana taɓa gilashin. Na ga lokacin da idon ya kama. Ta gyara mayafi, ta zauna sosai yadda ake zama gaban baƙo, ta ce, "Salamu alaikum. Kin..."

Hoton ya naɗe kansa ya zama siffar zuciya ya tashi sama ta kusurwa.

Wani hoton ya shigo, tsohuwar a cikin jikoki, 'yar ƙarama a nesa. Ya wuce. Fuskar ta dawo, wannan karon tana riƙe da kofin shayi. Kaka ta sake gyara mayafi. "Salamu alaikum. Sannu da..." Hoton ya farfashe gida-gida ya zube ƙasa. Na gaba ya yi juyi ya shige tsakiyar kansa. Na gabansa tantabara ce ta zo ta ja shi da baki. Kowane karo Kaka daga sallama take farowa, don a wurinta gaisuwa ba a ɗora ta daga tsakiya, kuma kowane karo kafin ta kai ga tambayar gajiya an tafi an bar ta da baki buɗe. Da aka gama, tantabarun suka dawo da zobensu.

Kaka ta ce, "Ba ta sake hali ba. Har yau sauri take." Da sigar wasa ta faɗa, amma muryar ba ta wasa ba ce, kuma ta goge ido da bakin mayafi ta ce hasken ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji haushin yaron shagon, da kawu, da tantabaru, da kaina.

Kawu ya ce ai abu ne mai sauƙi. Ya mayar da faifan farko, ya jira fuskar ta fito, ya danna rimot ta cikin ledarsa. Hoton ya tsaya cak, da wasu 'yan sanduna biyu a saman goshinta. Ya waiwayo yana jiran yabo.

Kaka ta ce, "Angona, mi wancan yay yi mata?"

Na ce, "Ya tsayar da ita ne, don ki gaisa a tsanake."

"Shi yat tsai da ita, ko ita tat tsaya?"

"Shi ne."

"Ce mishi shi sake ta. Wanda anka riƙe ma riga ba zama yay yi ba."

Kawu ya saki, zuciya ta tashi sama. Na durƙusa kusa da ita na ce ba laifin ƙanwarta ba ne, yaran da suka jera hotunan ne suka ba kowane hoto ɗan lokaci kaɗan. Kalmar daƙiƙa ba ta zo bakina ba, ta Larabci ce ta zo, yadda muke faɗinta a nan. Na ce, "Kowane hoto saniya uku aka ba shi."

Ta juyo gaba ɗaya. "Saniya uku? Mace ta haihi ɗiya, ta ga jikoki, ta mutu kusa da Ɗakin Allah, a ba ta saniya uku?" Ta ce akwai shanunta biyu a hannun makiyaya wajen Dindir, a haɗa da su, in ba su isa ba wancan ya ƙara daga nasa. Har yau ban sani ba ko da gaske ta ɗauka shanu ake nufi ko kuwa tsiya take min, don Larabcinta ya fi nawa kaifi in ana cinikin albasa. Abin da na fahimta dai shi ne a ƙara wa ƙanwarta shanu har ta zauna don kanta.

Na koma Sinnar da faɗa a bakina. Yaron ya yi mamaki da na ce ba a son tantabaru, ya ce kowa su yake yabawa. Na ce a cire kiɗa, a cire furanni, a cire talla, a bar hoto ɗaya, wanda take kallon mutum ido cikin ido. Ya yarda da ƙyar, ya ɗora hannu a kan kwamfuta ya tambaye ni saniya nawa. Na ce har a gama gaisuwa. Ya ce kwamfuta ba ta san wannan lamba ba, in gwada masa ya auna da agogon waya.

Haka na ja kujera na fuskanci gilashin kwamfuta a tsakiyar tashar Sinnar, na sassauta murya na zama kakata. Na yi sallama, na tambayi kwana, na tambayi gajiya, gida, yara, zafi, ruwa, masu jiki, na dawo na sake sannu. Mai lemo ya bar lemonsa ya leƙo. Ina cikin yi sai na ji ana amsa min a gefe, "Lahiya lau. Ba gajiya. Da godiya." Yaron ne, idonsa a kan agogo, bakinsa yana amsawa ba da saninsa ba, da ragowar Hausar da ya gada. Da na kai inda nake ganin ƙarshe ne sai na tuna wannan gaisuwar kwana ɗaya ce, ita kuwa Kaka ta shekara fiye da hamsin take bin bashi. Na ce ya kashe agogon, ya ja hoton har inda faifan ya cika.

Ya ce, "Ya ustaz, wannan ba bidiyo ba ne, hoton bango ne." Ya roƙe ni in bar masa ko malam-buɗe-littafi ɗaya ya gitta, don sunan shagonsa. Na ce in na ga ko ƙuda ya gitta zan dawo da kakata ta yi masa bayani da kanta. Ya ƙona.

Wannan karon Kaka ta hana taro, ta kuma zaɓi lokaci da kanta: da hantsi. Tun da sassafe na ji ƙamshin suyar gyaɗa a tsakar gida. Ta yi wanka ta yafa farin tob ɗinta na Idi. Daga ni sai kawu da mahaifiyata a ɗakin. Ta karɓi faifanta na kaba ta ɗora ƙullin gyaɗar a kai, ta tura shi gaban talabijin. Kawu ya zura faifan. Na'urar ta yi gurnaninta, fuskar ta fito, ba kiɗa ba fure.

Kaka ta yi sallama da sauri, kamar mai tsoron a ƙwace. Hoton bai motsa ba. Ta ɗan jira, ta ga ba zuciya ba tantabara, sai ta saki kafaɗa ta faro a tsanake. "Kin kwana lahiya? Ina gajiya? Ina gajiyar hanya?" Bayan kowace tambaya tana barin fili daidai amsa, tana gyaɗa kai. Ta tambayi yadda suka ƙetare teku, ko ta yi amai a jirgin ruwa, don tun tana yarinya ko kwalekwale ba ta so. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta yi mata gaisuwar mijinta. Ta nuna kawu da haɓa, mutum da furfurarsa, ta ce, "Ga cikin da kinka bar ni da shi. Dubi abin da yaz zama, tayar mota ma ba ya iya sayowa."

Daga nan muryar ta sauka. Ta ce, "Ba ki waiwayo ba." Ta bar fili mai tsawo. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. Kaka ta ce, "To, na ji. Na yahe. Ni ma ki yahe min, gyaɗa tat tsai da ni. Ga ta nan." Ta ɗaga tafin hannu biyu, ta ɗauko maganar daga inda inji ya cinye ta. "To, Allah shi kiyaye hanya. Allah shi sauke ku lahiya. Allah shi sada huskokinmu da alheri." Muka ce amin.

Ta shafa, ta ci gaba da zama tana kallo. Na gane jira take ta ga ko za a tafi. Ba a tafi ba. Rana ta ɗaga, janareta yana ta ci, kawu da yake lissafin kowane ɗigon fetur bai ko kalli ƙofa ba. Da ta gamsu ta miƙo min hannu na ɗaga ta. Kawu ya laluba aljihu zai ciro rimot, sai ta yi masa magana kai tsaye, abin da ban taɓa ji ba tunda nake.

Ta ce, "Bar ta kunne. Yau ni za ni tahi, ita ta kalli bayana."

Ta juya wa talabijin baya, tana dafe da ni, muka taka a hankali har bakin ƙofa. Na ɗaga labule, hasken rana ya shigo, ta sa ƙafa ɗaya waje. Sai ta tsaya, ta saki hannuna, ta waiwaya. Daga nan na san ba abin da idonta yake iya gani sai ɗan farin haske a cikin duhun ɗaki, amma ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Kin gani? Haka ake yi."